Yawon dare a tsakiyar Alƙahira: jagora ga baƙo mai tafiya a ƙafa

Alƙahira gari ne da ya fi rayuwa da dare. Da rana zafi da hayaƙin motoci kan kora mutane inuwa, amma ana idar da sallar isha'i sai tituna su cika maƙil: magidanci da matarsa da yaransu, samari gungu-gungu, 'yan mata suna leƙen takalma ta gilashin kantuna, mai gasa dankali yana tura amalankensa hayaƙi na tashi. Bahaushen da ya zo karatu Azhar, ko ya kawo mara lafiya asibiti, ko ya zo sarin kaya, dole ransa ya biya ya fita ya ga wannan. Kuma ina ganin ya kamata ya fita. Asara ce mutum ya yi mako biyu a garin nan bai san komai ba sai ɗakin otal da harabar asibiti.

Unguwar da ake nufi da tsakiyar gari ita ce wadda Misirawa ke kira Wusɗul Balad, wadda aka shimfiɗa a zamanin Khidiwi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, bisa tsarin birnin Faris. Tana kwance tsakanin manyan dandali uku: Tahrir daga kudu kusa da Kogin Nilu, Ataba daga gabas, sai Ramsis daga arewa, inda babbar tashar jirgin ƙasa take. Ba kasafai ake tare mutum da makami a nan ba, kuma taron jama'ar da ke ba baƙo tsoro shi ne babban mai gadinsa. Abubuwan da suka fi cutar da baƙo guda huɗu ne: mota, mai zaƙin baki, rashin takarda a aljihu, da kuma dare ya tsala kantuna su rufe bai san yadda zai koma ba. A kansu wannan jagora ta ginu.

Mataki na farko: shirya dawowa tun kafin ka sa takalmi

Karɓi katin otal ɗinka, wanda ke da adireshi da Larabci. In a gidan haya ka sauka, sa wani ya rubuta maka sunan titi da lambar gini da Larabci a takarda, tare da wata alama da kowa ya sani a kusa, masallaci ko kemis ko tashar metiro, wato jirgin ƙasa na cikin gari mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Direbobin garin sun fi gane alama fiye da sunan titi. Takardar nan a aljihu za ka sa ta, ba a waya kaɗai ba, don waya na iya mutuwa ko ta ɓata.

Ƙananan otal-otal da yawa a Wusɗul Balad suna hawa na biyar ko na bakwai ne a cikin tsofaffin benaye, ƙarƙashinsu ofisoshi ne da ake kullewa da yamma. Kowane irin wannan gini yana da mai gadin ƙofa, bawwab. Gaishe shi tun da rana, ya san fuskarka, ka tambaye shi ƙarfe nawa yake kulle ƙofar ƙasa da kuma yadda ake yi in an dawo bayan an kulle. Ɗan ihsanin da ka ba shi ba zai tafi a banza ba. Tsayuwa a bakin kullalliyar ƙofa ƙarfe 2 na dare kana ta buga ƙarfe ba wanda ya ji, ita ce irin wahalar da gaisuwar minti ɗaya ke kawarwa.

Ka mallaki layin waya na ƙasar. Vodafone, Orange, e& (tsohon Etisalat) da WE duk suna sayar da layi a filin jirgi da shagunansu na cikin gari, da fasfo ake yanka. Sayi wanda ke da data da kuma mintunan kira, domin direban tasi na manhaja zai kira ka ne kai tsaye. Sauke taswirar garin a waya yadda za ta yi aiki ko babu intanet, ka cika caji. Sannan ka adana waɗannan lambobi, ka kuma rubuta su a bayan takardar adireshin: 122 'yan sanda, 126 'yan sandan kula da baƙi masu yawon buɗe ido, 123 motar asibiti, 180 'yan kwana-kwana.

Sai maganar takardu, wadda nake so a ɗauke ta da nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, mutane masu ɗimbin yawa suka kwararo Masar, binciken takardun zama kuma ya ƙaru. Baƙar fata na iya fuskantar tambaya a hanya fiye da wani. Kada ka fita hannu rabbana. Ɗalibi ko mazauni ya riƙe katin iƙamarsa. Mai ziyara ya riƙe kwafin shafin fasfo mai hoto da shafin biza mai hatimin shigowa, da hotunansu a waya. In zama zai kai ka nesa da masauki, ni na fi son ka ɗauki fasfon kansa a 'yar jakar da ake ratayawa a wuya ƙarƙashin riga, ka bar kwafi a ɗaki. Biza da ta ƙare kuwa, a gyara ta kafin a yi maganar yawo.

Zazzage aljihunka da jakarka daga magungunan da ka taho da su daga gida. Tramadol musamman, hukuma na ɗaukarsa a matsayin ƙwaya: a 2017 an yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda shi. Wanda likita ya rubuta wa magani mai ƙarfi ya riƙe takardar likitan.

Kuɗi kuma a raba su biyu. Ƙanana, 'yan fam (kuɗin Masar) goma-goma da ashirin-ashirin da hamsin, a aljihun gaba don shayi da tikiti da tasi. Manyan, irin takardar fam 200, a wani wurin daban da ba sai ka fito da su a gaban mutane ba. Dalolin jinya ko na sari ba su da abin yi a titi da dare. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka ɗauki rigar sanyi, domin iskar bakin kogi tana ratsa ƙashi. Kafin ka fita, gaya wa wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

Mataki na biyu: san lokaci, zaɓi hanya

Tun Disambar 2020 gwamnati ta ƙayyade lokacin rufe kantuna. A bisa ƙa'ida ƙarfe 10 ne lokacin sanyi, 11 lokacin zafi, ana ƙara awa ɗaya daren Alhamis da Juma'a, gidajen abinci da na shayi kuma suna kaiwa sha biyu ko ƙarfe 1. Kemis da gidan burodi da kantin kayan masarufi ba sa cikin dokar. Akan sauya waɗannan lokuta, don haka ka tambaya a masaukinka. Muhimmancin wannan ga mai tafiya a ƙafa shi ne: titin da ka bi ƙarfe 9 yana walƙiya da fitilun kantuna, in ka dawo ta kansa sha biyu da rabi za ka tarar da ƙofofin ƙarfe a sauke, hasken ya ragu, mutane sun watse. Daga magariba zuwa sha ɗaya shi ne lokacin baƙo. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, saboda haka daren Alhamis ya fi kowane dare cika.

Ga wanda ya fara fita, hanya mafi sauƙi ita ce titin Ɗal'at Harb. Ka fito daga tashar metiro ta Sadat, wadda ke ƙarƙashin Dandalin Tahrir, ka miƙe titin har shataletalen da ke da mutum-mutumin Ɗal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Misra a 1920. Ka zarce har titin 26 ga Yuli, inda tashar Nasser ke kusa. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin ba in ba ka tsaya ba, amma za ka tsaya, ko don layin masu sayen kayan zaƙi a ƙofar El Abd. Alherin wannan hanya shi ne tashar metiro a farkonta, tashar metiro a ƙarshenta, ga jama'a ko'ina.

Hanya ta biyu ita ce gadar Ƙasrun Nil, mai mutum-mutumin zakuna biyu a kowane bakinta. Iyalai na zuwa shan iska a kanta har tsakar dare, a ɗaya ƙetaren kuma akwai tashar metiro ta Opera. Masu kwale-kwale da masu keken doki za su yi ta kiranka. In kana so, a yanke farashi tukuna: nawa ne, na minti nawa, na mutum ɗaya ne ko na kowa da kowa, kuma da fam ne.

Ta uku ita ce wajen Masallacin Husaini da kasuwar Khanul Khalili da titin Mu'izz, inda ake haska tsofaffin masallatai da dare. Wurin na da kyau ƙwarai, ga jami'an tsaro. Sai dai hanyar zuwa can daga Ataba ta titin Muski, wadda da rana cunkusonta sai ka ce Kantin Kwari ana jajibirin salla, da zarar 'yan kasuwa sun tashi takan zama kango, sai tarin kwali da duhu. Da dare ka shiga mota zuwa Husaini, ka shiga mota ka dawo.

Wuraren da ba na so baƙo ya taka shi kaɗai bayan an watse: ƙarƙashin gadar 6 ga Oktoba da tashar motocin da ke bayan tsohon gidan tarihi na Tahrir, lungunan masu gyaran mota bayan sun rufe, cikin lungunan Bulaƙ, da makabartar Ƙarafa da ke gabas da Azhar. Dandalin Ramsis ba ya barci, amma wurin matafiya ne da 'yan sane, ba wurin shan iska ba. Ga ma'auni mai sauƙi: duba ko akwai mata da yara a titin. In akwai, ci gaba. In ka lura ka yi minti biyu ba ka ga mace ko ɗaya ba, koma babban titi, ko da taswira ta ce lungun ya fi kusa.

Mataki na uku: tsallaka titi

Nan ne hatsarin gaske yake, kuma nan baƙi suka fi sakaci. Motoci na bin hannun dama kamar a Najeriya da Nijar, amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Danja kaɗan ce, inda take ma ba kowa ke jiranta ba sai in ɗan sanda na tsaye. Zanen tsallakawa a kan kwalta ba ya tsayar da kowa. Wasu direbobi na tafiya da dare ba fitila, sai sun zo dab da kai su walƙa maka ita. Walƙa fitilar nan ba izinin wucewa ba ce, gargaɗi ne cewa ga shi nan tafe ba zai tsaya ba.

Ga yadda ake yi. Tsaya a bakin titi ka jira 'yan gari su taru, ba ka daɗewa. Ka tsaya ta gefen da za su zama tsakaninka da motocin da ke tahowa. In sun taka, ka taka tare da su, kafaɗa da kafaɗa, da irin saurinsu. Ana tsallakawa ne layi-layi: a wuce mota ɗaya, a ɗan dakata a tsakiya, a wuce ta gaba. Direban yana lissafi ne da tafiyarka, ya riga ya ƙiyasta inda za ka kai lokacin da zai iso, sai ya goce ta bayanka. Abin da ke ɓata masa lissafi shi ne ka ruga da gudu, ko ka tsorata ka ja da baya. Ka ɗaga tafin hannu wajen motar, ka dubi direban, ka tafi a natse. Bas babba da ƙananan farare na haya, a bar su su wuce, ba a gwada su.

Titunan Wusɗul Balad da yawa hanya ɗaya ce, amma masu babur ɗin kai saƙon abinci ba ruwansu, sukan biyo ta baya, har kan dakalin masu tafiya a ƙafa. Duba hagu da dama ko'ina. A Tahrir kada ka ratsa ta sama, sauka ta matakalar metiro ka ɓulla ta ƙofar da kake so. Tsakanin Masallacin Azhar da filin Husaini ma akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu ƙafa, ita za ka bi. Titin bakin kogi motoci na sheƙa gudu a kansa, ka nemi inda mutane suka taru. In kana tare da dattijo ko mara lafiyar da ba ya iya sauri, kada ku gwada manyan tituna ko kaɗan. A sauke ku a gefen da kuke so. Fararen kaya na taimakawa, direba ya fi hango mai farar riga.

A watan azumi, rabin awa kafin shan ruwa kowa na sauri ya isa gida, tuƙi yakan zama na ganganci. Zauna wuri ɗaya har a kira salla. Bayan tarawihi kuwa gari na cika har sahur.

Mataki na huɗu: aljihu da waya

Wannan ba sai an koya wa wanda ya san kasuwa ba, sai dai tuni. Aljihun gefe na kaftani buɗaɗɗe ne, hannu na shiga ya fita ba ka ji ba. Walat da waya su zauna a aljihun gaba na wando ko jaka mai zif da aka rataya ta ƙirji. Mata su rataya jaka ta ɓangaren gini, ba ta ɓangaren titi ba, domin masu fizge a kan babur suke zuwa. In za ka duba taswira, ka matsa jikin bango ko ka shiga bakin kanti, kada ka tsaya a gefen kwalta waya a hannu tana haska fuskarka. Cire abin sauraro daga kunne. Wuraren turereniya, wato ƙofar jirgin metiro, Ataba, da lungunan Khanul Khalili, ka ɗora hannu a kan aljihu. In za ka ciri kuɗi, nemi na'urar da ke jikin banki mai mai gadi, kuma da sauran jama'a a titi.

Mataki na biyar: mai zaƙin baki

Misirawa mutane ne masu son hira da barkwanci, kuma mafi yawan wanda zai ce maka marhaban da zuciya ɗaya ya faɗa. Ka tambayi mai kanti hanya, sai ya bar kantinsa ya raka ka kwana. Amma a kewayen Tahrir da Ɗal'at Harb akwai waɗanda sana'arsu ke nan tarar baƙo. Bambancin a bayyane yake: mutumin kirki kai kake zuwa wurinsa, ɗan damfara shi yake zuwa wurinka.

Salonsu kusan ɗaya ne. Zai jero da kai yana tafiya, ya tambaye ka daga ina. Ka ce Najeriya, sai ya ambaci 'yan ƙwallo, ko ya ce yana da aboki ɗan Kano. In ya ga alamar Musulmi ne kai, sai ya shigo ta nan: ɗan'uwa, Masha Allah, ai mu ɗaya ne. Daga nan sai ya ce titin da ka nufa a rufe yake, ko ya taimaka maka tsallaka titi, ko ya ce ɗiyarsa za ta yi aure gobe ka zo ka sha shayi albarka. Ƙarshen tafiyar kantin turare ne ko na zanen fafirus, takardar Misirawan dā, a hawa na biyu ko cikin wani lungu. Za a zaunar da kai, a kawo shayi, a shafa maka turare kala biyar a hannu, har ka ji kunyar tashi ba ka sayi komai ba. Kunyar nan ita ce jarinsu, kuma mu an san mu da ita. Da wuya abin ya kai ga duka ko ƙwace, amma za ka fito ka biya ninkin ba ninkin.

Maganinsa shi ne kada ka tsaya. Ɗora hannu a ƙirji, ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode, sau ɗaya kana tafiya. Kada ka ba da uzuri, kowane uzuri ƙofar sabuwar magana ce. In ya nace, ka ce "khalas", wato ya isa, da ɗan kaushi. In ya ci gaba da binka, shiga kemis ko kanti mai mutane. Kada ka faɗa wa wanda ka haɗu da shi yanzu sunan otal ɗinka, kada ka karɓi abin da aka danƙa maka a hannu ana cewa kyauta ce, kada ka sha abin da ba a gabanka aka haɗa ba. Gayyata zuwa gidan rawa ko wani gida a sama, ko daga namiji ko daga mace, amsarta a'a ce.

A gidan shayi na bakin titi da gidan abinci, tambayi farashi kafin ka ci: "bikam?", wato nawa ne. Inda aka rubuta farashi a bango ya fi kwanciyar hankali, irin gidajen koshari, abincin nan na shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyiyar albasa, wanda ake ci a ƙoshi da kuɗi kaɗan.

Wanda ya raɗa maka canjin dala a titi, ka wuce shi. Canji a bayan fage laifi ne a Masar, mai saye da mai sayarwa duka, kuma tun da aka saki farashin fam a Maris 2024 ribar da ake hange ta kusan ɓacewa. Banki da shagunan canji masu lasisi sun wadatar, ka riƙe rasit.

Mataki na shida: jami'an tsaro da kyamara

Za ka ga 'yan sanda da yawa, masu kaki da masu farin kaya, musamman a Tahrir, inda juyin juya halin Janairun 2011 ya faru. Kada ka ɗauki hoton ɗan sanda, ko motarsu, ko shingen bincike, ko ginin gwamnati da na soja. Ɗaukar bidiyo mai tsawo kana magana a Tahrir na iya jawo a tsayar da kai a duba wayarka. In ka ga taro ana ɗaga murya, juya ka canza titi, kada ka tsaya kallo. Tun 2013 akwai doka mai tsauri a kan zanga-zanga. Siyasar ƙasar kuma ba abin hira ba ce da direba ko maƙwabcin teburi.

In an tsayar da kai, yi sallama, ka miƙa takarda, ka amsa abin da aka tambaya kawai. Kada ka ɗaga murya, kada ka miƙa kuɗi. In mai farin kaya ne ya ce shi jami'i ne kuma yana son ganin walat ko kuɗinka, ka nemi ganin katinsa cikin ladabi, ka ce ku taka wurin masu kaki da ke kusa. Na gaskiya ba zai ƙi ba.

Mataki na bakwai: kalaman titi, da abin da ya shafi mata

Gara a faɗa maka tun yanzu: za ka iya jin yara ko samari sun jefo maka "samara" ko "shokolata" saboda launin fatarka. Abin na da ciwo, ba kuma daidai ba ne. Amma tsayawa cacar baki da gungun samari da dare, a garin da harshensu ya fi naka kaifi, ba ya haifar da ɗa mai ido. Wuce abinka. In abin ya kai ga taɓa jiki ko tare hanya, nufi wurin dattijo ko mai kanti. Galibi su da kansu za su tsawatar.

'Yar'uwa, ke kuma ga naki. Cin zarafin mata a titi matsala ce da Misirawa kansu suka daɗe suna yaƙi da ita. An mai da shi laifi a dokar ƙasa a 2014, aka tsananta hukuncin a 2021. Hijabi na rage wasu idanu amma ba ya hana mara kunya. Ki fita da abokiyar tafiya ko muharrami in da hali, ki bi titin da iyalai suke. Dararen salla ƙarama da babba, lokacin da samari ke cika Ɗal'at Harb da bakin kogi, ki ƙaurace wa wuraren. An taɓa yin mummunan cin zarafi na taron dangi a nan a sallar azumin 2006. In wani ya taɓa ki ko ya bi ki, kada ki yi shiru don kunya. Juyo ki ɗaga murya ki ce "aib!", wato abin kunya, ko "haram alaik!" Jama'a za su juyo, kuma a mafi yawan lokuta bayanki za su bi. A metiro akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgi, da alama a dakalin jira da ke nuna inda suke tsayawa. A tasi ki zauna a baya, ki tura wa wani bayanin tafiyar ta manhaja.

Mataki na takwas: komawa masauki

Metiron Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, shi ne hanya mafi araha kuma mafi tabbas. Layi uku ne, kuma yawancin mahaɗarsu a tsakiyar gari suke: Sadat da Shuhada suna haɗa layi na 1 da na 2, Ataba na haɗa na 2 da na 3, Nasser na haɗa na 1 da na 3. Mai komawa Abbasiyya, inda masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje yake, layi na 3 zai hau. Ana saka jaka a na'urar bincike a ƙofa, kuma ka riƙe tikitinka domin da shi za ka fita. Jirage na tsayawa wajen ƙarfe 1 na dare, amma kada ka yi lissafi da na ƙarshe, balle in za ka canza layi. Sha biyu ta same ka a cikin tasha.

In mota ce, Uber da Careem da inDrive duk suna aiki. Kira ta kana cikin kanti ko gidan shayi, ba a tsaye a bakin titi ba. Lambar motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci ake rubuta ta, irin waɗanda ke saman shafukan Alƙur'ani, don haka wanda ya yi makarantar allo ya riga ya iya. A tuna kawai: ɗan da'irar nan ٥ biyar ce, ɗigo ٠ shi ne sifiri, ٧ bakwai, ٨ takwas. Gwada lambar da ta manhaja kafin ka buɗe ƙofa. In direba ya kira yana zuba Larabcin Masar ba ka gane ba, miƙa wa mai kantin wayar ya kwatanta masa. Abu ne da suka saba yi.

Farar tasi tana da mita. Kana shiga ka ce "addad", wato mita. In ya ce ta lalace, ko ku yanke kuɗi kafin ya tashi, ko ka sauka. Biya da ƙananan kuɗi bayan ka fito da kayanka, kuma in ka miƙa babbar takarda ka faɗi adadinta da baki, domin akwai tsohuwar dabarar musanya fam 50 da takardar ƙirshi 50, wadda rabin fam ce kawai, a ce kai ka yi kuskure. Ƙananan motocin haya farare ba a rubuta inda za su, da ihu da alamar hannu ake gane su. Baƙo ya bar su sai ya san gari. A sauke ka a ƙofar gininka, ba a bakin lungu ba. In matakalar benen duhu ce, kunna fitilar waya, kuma tsohuwar lifta mai ƙofar ƙarfe sai ka rufe ƙofofinta biyu da kyau take tashi.

In wani abu ya faru

In ka ɓace, kada ka yi ta zagaye. Shiga kemis, ko harabar babban otal, ko gidan abinci, ka nuna takardar adireshinka. Kada ka dogara da masallaci a matsayin mafaka, domin yawancinsu ana kulle su bayan isha'i. In an fizge maka abu, ihun "harami!", wato ɓarawo, na tara mutane nan take, amma kada ka bi ɓarawo cikin lungu, kuma in da makami a hannunsa ka sakar masa. Karnukan titi sukan yi yawa a lungunan da babu mutane. Kada ka gudu, ja da baya a hankali. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ya tafi asibiti a daren don allurar haukan kare. Babban asibitin Ƙasrul Aini ba shi da nisa daga Tahrir.

In fasfo ne ya ɓata, je ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ka kira 126, ka sa a rubuta maka rahoto, wanda suke kira mahdar, ka karɓi lambarsa. Da wannan takarda da kwafin fasfon da ka bari a ɗaki za ka je ofishin jakadancin ƙasarku da safe. Na Najeriya yana unguwar Zamalek, ƙetaren kogi kaɗan daga tsakiyar gari. Layin wayar da aka sace kuma a rufe shi a shagon kamfanin, katin banki a toshe shi a daren ta manhajar banki ko ta hannun wani na gida.